Shekara Arba'in da Amanar Jiki

'Yan'uwa Musulmi, Suratul Ahƙaf ta ambaci shekara 40 a matsayin lokacin cikar ƙarfin mutum da hankalinsa, kuma a kanta ne aka aiko Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Ni kuwa ban san nauyinta ba sai ranar da tashi daga sujada ya nemi ya gagare ni, likita kuma ya ce jinina ya hau.

Da na duba, sai na ga laifina ne. Kullum daga kujerar ofis sai mota, daga mota sai abinci mai maiƙo, kafin in dawo gida yara sun yi barci. Haka ɗan kasuwa ke wuni zaune a rumfa.

Sai na koma zuwa masallaci da ƙafa, na rage gishiri, na riƙe shan magani. Tsakanin Magariba da Lisha kuwa na bar wa iyali, in saurari haddar yara, in ji damuwar uwargida.

Hawan jini ba ya sallama. A riƙa aunawa, domin maigida in ya kwanta, gida duka ne ya kwanta. Allah Ya ba mu lafiya mai amfani, amin.