Ƙwayoyin Alkama a kan Allo da Adashin da Aka Ce Ba Ya Karyewa

Saƙon nan da ke zagaye wayoyin dangi da maƙwabta, wanda ya buɗe da hikayar mai hikimar da ya roƙi sarkin Hindu ƙwayar alkama guda a gidan farko na allon shaɗaranji, biyu a na biyu, huɗu a na uku, ana ta ninkawa har gida na 64, ya faɗi gaskiya a wuri guda, don ya samu ya shigar da ƙarya a sauran wuraren.

Hikayar tsohuwa ce, Ibnu Khallikan ya kawo ta tun a ƙarni na 13 Miladiyya, kuma jimillar da aka ambata, wato 18,446,744,073,709,551,615, sahihiya ce babu tantama. Amma cewar saƙon wai adadin ba ya rabuwa, ai ɗan firamare ma ya san duk abin da ya ƙare da 5 yana rabuwa gida biyar. Yana kuma rabuwa da 3, da 17, da 257, da 641. Cewa kwamfuta ba ta iya riƙe shi kuwa, shirme ne.

Da'awar da ta dame ni, wadda saboda ita har mata ke sayar da awaki da 'yan kunnensu na zinariya, ita ce wai wannan hisabi hujja ne a kan cewa adashin da kowa ke zuba kuɗi ya kawo mutum biyu ba zai taɓa karyewa ba, alhali kuwa shi kansa adadin ne babban shaidan da ke ƙaryata ta. Dubi gidaje huɗu na farko: 1 da 2 da 4 sun tashi 7, na huɗu kuwa shi kaɗai 8 ne. Haka ƙa'idar take har ƙarshen allo, kowane gida ya ɗara jimillar dukkan waɗanda suka gabace shi da ƙwaya guda. Idan muka mayar da ƙwayoyin mutane, ma'anarsa ita ce a duk ranar da tsarin ya tsaya, sahun ƙarshe, waɗanda suka zuba ba su karɓi ko anini ba, sun fi rabin mahalarta. Tsayawar kuwa tilas ce, domin kafin a cika sahu na 28 an buƙaci jimillar mutum fiye da miliyan 268, abin da ya zarce al'ummar Najeriya, a na 33 kuma an wuce yawan bil Adama baki ɗaya.

Ban ga laifin wanda ya gaskata ba, musamman da yake ya ga maƙwabcinsa ya karɓi ribar da idonsa, talauci kuma ba ya barin mutum ya zauna da alƙalami. Wanda ya tsara saƙon fa, ko ya san lissafin ya ɓoye, ko ya kwafo abin da bai fahimta ba ya tura wa jama'a. Ko wanne ne, da kuɗin 'yan sahun baya aka biya maƙwabcin nan, kamar yadda waɗanda suka shiga irin wannan adashin mai suna MMM suka gani a Disambar 2016 lokacin da aka rufe asusunsu.