Biskit na leda ya cika kasuwanninmu: wa ke cin ribar?

Duk wanda ya bi babbar hanya daga Gazawa zuwa Agye, ya wuce Cadawa da Maraɗi har Gidan Rumji, ba zai rasa ganin teburan mata a bakin tasha da ƙofar lakwal ba. Biskit ne, minti, cingam, taliyar Indomie, duk a ƙananan ledoji masu ƙyalli. Da wuya ka ɗauki guda ka ga an rubuta Nijar a bayanta.

Mafi yawa daga Nijeriya suke fitowa. Manyan 'yan kasuwa na sarowa a kasuwar Singa ta Kano, mota ta bi ta Katsina da Jibiya, ta shigo ta Ɗan Isa. Biskit ɗin Nasco na Jos da na Yale da mintin TomTom duk wannan hanya suke bi. Waɗansu kuma daga ƙetare ne, ta jirgin ruwa. Ƙasarmu ba ta da gaɓar teku, saboda haka halinmu ɗaya da mutanen tsibiri: su suna jiran jirgi, mu muna jiran tirela. Mun ɗanɗana wannan lokacin da Nijeriya ta rufe iyakarta daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020. Mun sake ɗanɗanawa bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, da takunkumin CEDEAO ya toshe hanya har Maris na 2024, kayan da aka saba saukewa a Kwatano suka koma zagayowa ta Lome da Burkina Faso.

To amma a nan ƙasa, wa ke ɗaukar nauyin? Mai tebur ce. Yaro ya san biskit na dala biyar ko na dala goma, ba ruwansa da canji. In kuɗin kwali ya hau, ba ta da yadda za ta ce masa dala shida, sai dai ribarta ta ragu. Da darajar naira ta faɗi a 2023, an zaci kaya za su yi araha ga mai sefa. Ba su daɗe a haka ba, domin alkamar da masana'antun Nijeriya ke yin biskit da ita mafi yawanta sayowa suke da dala ta Amurka, sai suka ƙara farashi ko suka rage girman leda.

Sai maganar kwanan wata, wadda a ganinmu ta fi komai muhimmanci. Kwalin da aka karya maki farashinsa ƙwarai, Hajiya, ki tambayi dalili. Rubutun da Ingilishi yake, amma lambobi kowa na iya karanta su. Inda aka sa MFD ko PROD ranar da aka yi kayan ce, inda aka sa EXP ko BB ranar da wa'adinsu zai cika. Na Nijeriya na gaskiya kuma yana ɗauke da lambar hukumar NAFDAC. Ki duba tun ba ki biya ba, domin babban ɗan kasuwa ba ya karɓar kayan da aka buɗe. Ki tuna kuma da zafin watan Afrilu: biskit mai mai a cikinsa in ya wuni a rana yakan canza wari tun wa'adinsa bai cika ba.

Abin da ke ba mu haushi shi ne aya. Yankin Agye da Cadawa na cikin wuraren da suka fi noma ta a ƙasar nan. Buhu-buhu ake lodinta ɗanya zuwa Nijeriya, wata har Sipaniya take kaiwa, inda mutanen Balensiya ke yin irin kununsu da ita. Mu kuwa dakuwarmu da ƙuli-ƙulinmu suna nan a faranti, ƙura na sauka a kai, babu suna, babu kwanan wata, yaro ya wuce su ya nufi leda mai hoto. Ƙungiyoyin mata da suka fara ƙunshe nasu a leda mai tsabta, suka manna takarda da sunan ƙungiya da ranar da aka yi, su ne muke fatan masu butik na Tibiri da Gazawa za su ba wuri a kanta, kusa da na Kano.