Ba Giya Ce Ta Mutu Ba, Kebul Ne

Gedambaliya, a yankin Gadarif, ƙasar dawa da riɗi ce. A nan aka fara noman damina da injina a Sudan tun tsakiyar shekarun 1940, don haka bakaniken yankin Gadarif ya san tarakta ciki da bai. Sai ga madatsun Rumela da Burdana, waɗanda aka kammala a 2017 a kan kogunan Atbara da Setit, sun tara ruwa mai faɗi a gabas, injin kwalekwale ya shigo hannun mutanen da suka saba da ƙarfe mai son ƙarfi. Daga nan ɓarna ta samo asali.

Da zarar hannun giya ya yi tauri, maganar ɗaya ce: "Giya ta mutu." Mai jirgi ya danna da dukkan ƙarfinsa, in ta ƙi ya kai wa bakanike a kwance ƙasan injin. Abin haushi, sau da yawa giyar lafiyarta lau. Kebul biyu ne ke tafiya daga hannun tuƙi zuwa injin, ɗaya na totur, ɗaya na giya, kowanne waya ce mai zamewa cikin riga. Rana ta fasa rigar, ruwan damina mai laka da ke gangarowa daga tsaunukan Habasha ya shiga, tsatsa ta kumbura wayar. Shi ke nan taurin.

Dannawar da ake yi ita ke kashe giyar da ake zargi. A can ƙasa, kusa da farfela, akwai wani ɗan ƙarfe mai haƙora da ke zamewa ya kama giyar gaba ko ta ribas. Idan kebul ya saki ko saitinsa ya goce, haƙoran rabi suke kamawa. Ƙarar gurr-gurr ɗin da ake ji ana cewa "haka yake yi", bakin haƙoran ne ke cinyewa. Ran da suka zama mulmulallu, injin zai riƙa fitar da giya da kansa ana cikin tafiya, ya yi gunji, jirgi ya tsaya. Gyaran kebul ya koma gyaran giya na gaske. Wanda ke ganin tsayawar inji a ruwa wasa ce ya tuna Agustan 2018 a jihar Nahrun Nil, inda injin wani jirgi ya mutu a tsakiyar igiya, yara 'yan makaranta fiye da 20 suka nutse.

Gurɓataccen fetur da dattin kafireta ma suna hana inji ɗaukar wuta, amma ba sa taurara hannu.

Gwajin ba ya cin kuɗi. A kashe inji, a cire hular filogi. A zare kebul ɗin giya daga inda ya haɗu da injin, a motsa hannun tuƙi. In har yanzu da tauri, laifin kebul ne ko akwatin hannun. Sannan mutum ɗaya ya riƙa juya farfela da hannu, wani ya tura ƙarfen giyar da ke jikin injin gaba, firi, ribas. Ya shiga sumul? A bar ƙasan injin ya huta. Kada a tura giya inji a kashe ba tare da juya farfela ba, haƙori kan hau haƙori, sandar giyar ta lanƙwashe. Haka za a yi wa na totur: a zare, a ga ko ƙarfen kafireta yana komawa da kansa. Masu ƙananan Yamaha Enduro na murɗawa su fara duba ɗan sukurun da ke ɗaure hannun totur, wani lokaci shi aka ƙulle fiye da kima.

Masu ɗura baƙin mai cikin rigar kebul kuwa, don Allah su bari. Kwana biyu zai yi laushi, daga baya ƙura ta manne ta daskare. Kebul da ya fashe ko ya kumbura sauya shi ake yi, gara ma a sauya biyun tare tunda sa'annin juna ne. Tsawonsa yawanci a rubuce yake a jikin rigar. Wajen shimfiɗa sabo kada a naɗe shi da lanƙwasa mai tsanani, ko a danne shi da jarka da komar kifi. Giris kaɗan a bakin ƙarfen ya isa. Saiti kuma ana yin sa ne hannu da inji duka suna firi, kuma ba a saka giya sai inji ya sauka sulo, a tura sau ɗaya da hanzari.