Yadda Za A Raya Itatuwan Filin Wasan Unguwa

Jama'a, sau da yawa akan ga mutanen unguwa sun taru da damina, sun dasa itatuwa kewaye da filin da yara ke wasa, kowa ya koma gida yana murna. Amma kafin bazara ta fita, sai a tarar awaki sun cinye wasu, gara ta kashe wasu, sauran kuwa ƙishirwa ta gama da su. Dalili shi ne kowa yana zaton wani ne zai kula. To, ga yadda za a gyara.

Da fari sai mai unguwa ya tara jama'a, a raba itatuwan gida gida, watau kowane itace ya zama da mai shi, wanda za a tambaya in ya mutu.

Wajen zaɓe, darbejiya, wadda wasu ke kira dogon yaro ko maina, ta fi jure fari. Asalinta daga Indiya ne, an kuwa fara dasa ta a lardin Barno a shekarar 1928. Wanda ya ga inuwar titunan Maiduguri ya san amfaninta. Mangwaro ma yana da kyau in akwai rijiya kusa. Amma kada a shinge filin da bini-da-zugu ko zurma, gama 'ya'yansu dafi ne, yara kuwa ba su raina abin kai wa baki.

Sai ruwa ya zauna sosai, wajen watan Yuli, sa'an nan a yi dashe. A haƙa rami ƙafa 2 zurfi, ƙafa 2 faɗi, a gauraya ƙasar sama da ruɓaɓɓen taki a mayar. Ɗanyen taki yakan ƙone saiwa. A bar kamar ƙafa 20 tsakanin itace da itace, a jera su a gefe, domin tsakiyar fili ta 'yan ƙwallo ce.

Ran da aka dasa, ran nan za a kewaye shi da ƙaya ko tubali. In an ce sai gobe, akuya ba ta jira.

Babban aiki yana zuwa bayan ɗaukewar ruwa. Tun daga Nuwamba har Mayu sai a riƙa ba kowane itace bokiti guda na ruwa sau biyu a mako, da yamma. A yi masa ɗan gurbi don kada ruwan ya malale, a shimfiɗa busasshiyar ciyawa ta tsare laima, amma kada ta taɓa gindin, saboda gara. A barbaɗa toka kewaye. In itacen ya ƙetare rani biyu, galibi saiwarsa ta yi zurfi, ya iya riƙe kansa.

Filin kansa kuma yana bukatar gayya sau ɗaya a wata. A tsince fasassun kwalabe da ƙusoshi, a kwashe gwangwanaye, a cike kududdufai, domin a ruwan da ya kwanta ne sauro ke haihuwa. In akwai lilo, a duba igiyarsa da sandunansa. Lalle a sa yaran cikin aikin, gama yaron da ya sha wahalar ban ruwa ba zai bari a karya reshe ba.

Wanda ke son inuwa a unguwarsu, sai ya nemi mai unguwa da maganar tun kafin ruwa ya sauka.