Polo & Pan: Abokai Biyu Da Suka Riƙe Harshensu

Idan aka yi maganar kiɗan lantarki na ƙasar Faransa, sunan da ke fara zuwa bakin mutane shi ne Daft Punk, abokan nan biyu masu rufe fuska da kwalkwali irin na mutum-mutumi. Sun kafa ƙungiyarsu a birnin Paris a 1993, sun lashe kyautar Grammy a 2014 da kundinsu Random Access Memories, sannan suka rabu a 2021. Sai dai duk da cewa Faransawa ne, da Turanci suka yi fitattun waƙoƙinsu, kamar yadda takwarorinsu Air da Justice suka fi yi.

Wannan abu ya daɗe yana ci wa Faransawa tuwo a ƙwarya. Tun a 1994 suka yi doka, wadda ta fara aiki a 1996, da ta tilasta wa gidajen rediyo masu zaman kansu su ware kashi 40 cikin 100 na waƙoƙin da suke sakawa ga harshen Faransanci. Amma doka ba ta iya tilasta wa matashi ya so harshensa.

A nan ne labarin Polo & Pan ya shigo. Paul Armand-Delille da Alexandre Grynszpan sun haɗu ne a Paris, inda kowannensu ke aikin DJ, wato mai zaɓo waƙoƙi yana haɗa su don jama'a su taka rawa. Kayan aikinsu kwamfuta ce da na'urorin sarrafa sauti. Su kan ɗauko ƙarar sarewa ko kukan tsuntsu, su yanka, su jera a kan bugun ganga mai maimaituwa, sannan su ɗora murya. Muryar nan kuwa sau da yawa da Faransanci take fitowa.

Waƙarsu Canopée ta 2016 ita ta fito da su. Kalmar tana nufin rumfar da rassan itatuwa ke yi a saman kurmi. A 2017 suka saki kundin Caravelle, sunan jirgin ruwan da Turawan Fotugal suka riƙa yawon teku da shi, sai Cyclorama a 2021. A 2019 sun hau dandamalin bikin Coachella a Amurka, gaban dubban mutanen da akasarinsu ba su jin Faransanci.

Ƙannena ɗalibai, musamman masu gwada haɗa kiɗa a waya bayan an tashi makaranta: kafin ku ce sai da Turanci za a saurare ku, ku tuna da waɗannan biyun. Mai sauraro a nesa kiɗan yake fara ji, in ya yi masa daɗi shi da kansa zai nemi ma'anar kalmomin. Masu darasin Faransanci kuma, ku nemi baitocin Canopée ku zauna da ƙamus, ku ƙirga kalmomi nawa kuka gane.