Fataucin tsaka da rai: inda uwar kuɗi ke mutuwa a cikin kwali

Wani ɗan kasuwa da ke safarar albasa daga Bawku zuwa kasuwar Aboabo ya tare mu a Zogbeli muna fitowa daga gidan rediyo, ya miƙo mana wayarsa. Abin da muka fara gani a hoton busasshen ganye ne a kan reshe, sai da ya nuna mana ido da ƙafafu sannan muka gane tsaka ce. Wani dillali ne ya aiko masa, wai Turawa na saye da tsada, kuma in bai samu irin wannan ba ya tara masa irin ta dajinmu mai kaurin wutsiya. Malamin ya ba yaran ƙauye kuɗi suka kamo, ya zuba a kwalin sabulu a bayan shago, kafin mako ya zagayo da dama sun mutu, dillalin kuma ya daina ɗaukar waya.

Mun san mai karatu zai yi dariya, domin a wurinmu tsaka abar kashewa ce, har ana cewa in ta faɗa miya ta zama guba. Masana sun tabbatar ba ta da dafi. To amma a Amurka da Turai da Japan akwai masu kiwonta a cikin akwatin gilashi kamar yadda wasunmu ke kiwon tattabaru, kuma kuɗinsu ne ke tafiyayya har ya iso ƙauyukanmu.

Ita wannan mai wutsiyar ganye, wadda masana ke kira Uroplatus, babu ita a ko'ina a duniya sai a Madagaska da ƙananan tsibiran da ke gefenta. Saboda haka duk wanda ya ce a nemo masa ita a dajin Mole ko a bakin Volta, ko dai bai san abin da yake nema ba, ko kuma damfara ce yake shiryawa. Tun shekarar 2005 tana cikin rukuni na biyu na yarjejeniyar CITES, wadda aka ƙulla a 1973 don sa ido kan cinikin namun daji tsakanin ƙasashe, wato ba ta ƙetare iyaka sai da takardar izini daga ƙasar da ta fito.

Ko da an kawo wa mutum ita kyauta, Tamale ba wurin zamanta ba ne. Yawancin nau'o'inta 'yan kurmi ne masu damshi, masu kiwonta kan riƙe ta a wajen digiri 20 zuwa 25, in zafi ya doshi 30 ya daɗe sai ta fara galabaita. Mu kuwa a watan Maris muna kaiwa 40, ga hunturu da ke busar da leɓen mutum balle fatar tsaka. Ba ta saba shan ruwa a kwano ba, raɓar da ke kan ganye take lasa da dare, shi ya sa ake yi mata feshin ruwa kowace yamma. Wadda aka kamo daga daji kan isa hannun mai saye ido ya faɗa saboda ƙishirwa, ga tsutsar ciki, ga ƙananan kaska jajaye a jikinta. Su Turawan ma, da na'urar sanyaya ɗaki da likitan dabbobi, sai sun killace ta wata biyu zuwa uku kafin su ce ta zauna, kuma duk da haka suna asara.

Tamu ta gida fa? Ita ce mai kaurin wutsiya, launin ƙasa-ƙasa da ratsi, wani lokaci da farin layi a gadon baya. Ana samunta a yankin ciyayi tun daga Senegal har Kamaru. Ba ta hawa bango kamar tsakar ɗaki, a ƙasa take, tana da fatar ido tana ƙiftawa, kuma da rana tana ɓuya a rami ko ƙarƙashin dutse ko cikin suri, inda akwai sanyi da laima. Ghana da Togo da Benin sun daɗe suna fitar da ita tare da damo da hawainiya da ƙaramar mesar nan mai dunƙulewa, wadda an fitar da miliyoyinta daga waɗannan ƙasashe uku tun daga shekarun 1970. Ke nan cinikin ba ƙarya ba ne. Matsalar ita ce wa ke ɗaukar asarar da ke tsakanin daji da filin jirgin sama.

A nan ne ya kamata ɗan kasuwa ya tsaya ya yi lissafi. Buhun masara kan jira mai saye wata uku, ita kuwa wannan haja kullum raguwa take. Abin da ya kashe na abokinmu ba yunwa ba ce, domin kitsen da ke wutsiyarta kan riƙe ta makonni. Zafin kwano ne da bushewa da cunkoso. Mun saba ganin ƙadangare na shanya a rana, sai mu ɗauka duk danginsa haka suke, alhali wannan dabbar dare ce. Masu riƙe ta yadda ya kamata kowace ɗaya mazubinta daban, mai ƙofofin iska, a inuwa, da wurin ɓuya mai ɗan jiƙaƙƙen ƙasa ko tsumma, da ruwa a murfi marar zurfi. Maza biyu ba sa zama wuri guda, cizon juna za su yi. Kwanakin farko ba a ɗaga ta ana nuna wa baƙi, ba a ma matsa mata da abinci, sai ta sha ruwa ta natsu sannan a saka mata gyare ko ƙaramin kyankyaso da yamma, kuma ba daga ɗakin da aka yi feshin maganin sauro ba. In aka kama ta ta wutsiya sai ta yar da ita. Za ta sake tsirowa, amma dunƙulalliya marar fasali, ta rasa ajiyar kitsenta, farashinta kuma ya faɗi. Wadda wutsiyarta ta sirance kamar tsinke kuwa, galibi cutar ciki ce ta cinye ta, kuma sai an kai kashinta wurin likitan dabbobi kafin a san maganin da ya dace.

Yanzu a haɗa kuɗin mazubi da na yaron da zai riƙa kamo gyare da na mota zuwa Accra, tafiyar kusan kilomita 600 cikin zafi. Sannan a tuna cewa masu saye a can sun iya hayayyafa wannan tsaka a gidajensu, har sun fitar da launuka iri-iri, kuma sun fi son haifaffiyar gida da ba ta da cuta. Ta daji ita ce mai arha a kasuwarsu. Mai fitar da kaya a Accra ko Lome rayayyu kawai yake ƙirgawa ya biya, matattun na wanda ya tara ne.

Akwai kuma batun lafiya, wanda mu a Ghana ba ma buƙatar a ba mu labari. A shekarar 2003 an yi jigilar ƙananan dabbobin daji kimanin 800 daga Accra zuwa jihar Texas, ciki har da gafiya, daga baya aka ajiye wasunsu kusa da wasu dabbobin da ake sayarwa. Daga nan ƙyandar biri ta kama mutane a jihohi da dama na Amurka, gwamnatin ƙasar kuma ta rufe ƙofar shigo da dangin ɓera daga Afirka. Tsaka ba ta ɗauke da wannan cuta, amma ita da damo da kunkuru kan ɗauki ƙwayar salmonela a kashinsu, mai sa zazzaɓi da gudawa, musamman ga yara. Mai ajiye su kusa da albasa ko garin da zai sayar wa jama'a ya san abin da yake yi.

Ta fuskar doka, a Ghana ba a kama naman daji don sayarwa ko a fitar da shi waje sai da izinin Sashen Kula da Namun Daji na Hukumar Gandun Daji, kuma daga 1 ga Agusta zuwa 1 ga Disamba kowace shekara an rufe farauta da kamu. A 2023 majalisa ta zartar da sabuwar dokar kula da namun daji, wadda ta shigar da ƙa'idojin CITES cikin dokar ƙasa. Don haka in wani ya ce a Paga ko Sinkase ka taimaka ka ratsa masa da ɗan kwali mai huji a cikin kayanka, ka buɗe ka gani, ka kuma nemi takarda mai sunansa. In jami'an kwastan suka buɗe, sunan mai lodi za su rubuta, kuma albasarka na iya kwana a boda tare da kwalin.

Ragowar na abokinmu, mun ba shi shawarar ya mayar da masu ƙarfin jiki dajin da aka kamo su, ya sake su da magariba kusa da suri ko duwatsu, kada ya watsar da su a bayan gari inda kaji da yara za su gama da su. Yaran da ya ba kuɗi ne suka raka shi, domin su kaɗai suka san wurin.