Ƙidayar Tsuntsaye Masu Farauta a Lokacin Ƙaurarsu ta Bazara

Manoma da makiyaya sun daɗe da sanin cewa akwai tsuntsayen da ke bayyana a gonakinmu da fadamunmu bayan ɗaukewar damina, su yi kaka da hunturu tare da mu, sannan su ɓace idan bazara ta kama. Daga cikinsu akwai wasu nau'o'in shaho da shirwa da gaggafa da ungulu. Waɗannan baƙi ne daga Turai da yammacin Asiya. A can suke yin ƙwai su ƙyanƙyashe, sanyi da ƙarancin abinci ne ke koro su zuwa Afirka. Daga watan Maris zuwa Mayu sukan ƙetare Hamadar Sahara su koma gida, kuma a kan hanyar ne 'yan sa kai ke jiransu domin su ƙidaya su.

Abin da ya sa ƙidayar take yiwuwa shi ne yadda waɗannan tsuntsaye suke tafiya. Manyan cikinsu ba sa yawan kaɗa fiffike. Idan rana ta gasa ƙasa, iska mai zafi takan tashi sama, sai tsuntsu ya shimfiɗa fikafikansa ya yi ta kewayawa a cikinta har ta ɗaga shi, daga nan ya sulala gaba ya nemi wata. Irin wannan iska ba ta da ƙarfi a kan teku, saboda haka sukan taru a wuraren da ruwa ya fi ƙanƙancewa. Akwai mashigin Jibralta tsakanin Maroko da Sifen, mai faɗin kimanin kilomita 14, da mashigin Masina tsakanin tsibirin Sisili da sauran ƙasar Italiya, mai kimanin kilomita 3, da kuma duwatsun Eilat a bakin Bahar Maliya, inda aka ƙidaya tsuntsaye fiye da miliyan ɗaya a bazarar 1985.

Aikin yana buƙatar haƙuri. Masu ƙidaya sukan hau kan tudu tun da safe su zauna har yamma, da madubin hangen nesa da takardar rubutu. Sukan rubuta nau'in tsuntsu, da adadinsa, da lokacin da ya wuce, da inda ya dosa, da yanayin iska. Idan garken ya yi yawa, ba sa ƙidaya shi yayin da yake kewayawa, sai sun bari tsuntsayen sun miƙe a jere, sannan su lissafa su goma-goma ko ɗari-ɗari. Masu tsaye a tuddai dabam-dabam suna tuntuɓar juna ta waya don kada a ƙidaya garke ɗaya sau biyu. Ana komawa wuri ɗaya a lokaci ɗaya kowace shekara, domin ta haka ne kawai za a gane ko wani nau'i yana ƙaruwa ko yana raguwa.

Labarin Masina ya nuna cewa ƙidayar tana kuma ceton rai. A da, maharba sukan ɓuya a duwatsun wurin su harbe dubban tsuntsaye kowace bazara, musamman wani shaho mai cin 'ya'yan rina, wanda ke yin hunturu a dazukan Afirka ta Yamma da ta Tsakiya. A 1981 wata yarinya 'yar shekara 15, Anna Giordano, ta fara yaƙi da wannan ɗabi'a. Daga 1984 aka soma kafa sansanin 'yan sa kai, suna ƙidaya, suna kuma sanar da jami'an tsaro idan sun ji harbi. An ƙone motarta a 1986, amma ba ta daina ba. Kisan ya ragu ƙwarai, kuma a 1998 aka ba ta lambar yabo ta Goldman.

Mu ma abin ya shafe mu. Wasu daga cikin waɗannan tsuntsaye, fara da babe ne abincinsu a ƙasashen Sahel, wasu kuma ɓeraye da macizai suke kamawa, ungulu kuwa tana kawar da mushe kafin ya zama tushen cuta. Fadamun Haɗeja da Nguru suna cikin wuraren da baƙin tsuntsaye ke sauka, kuma a nan ma akan yi ƙidayar tsuntsayen ruwa a watan Janairu. Sai dai wani bincike da aka wallafa a 2024 ya nuna cewa daga cikin nau'o'i 42 na tsuntsaye masu farauta na Afirka da aka duba, 37 sun ragu, kuma raguwar ta fi tsanani a Afirka ta Yamma. Manyan dalilan sun haɗa da sare itatuwa, da sanya guba a mushe, da kashe ungulu domin sayar da sassan jikinta, da fesa magungunan ƙwari ba bisa ƙa'ida ba.

Saboda haka muna kira ga hakimai da dagatai da masu unguwanni da su faɗakar da jama'a illar sanya guba a gawar dabba, domin ungulu da yawa na iya mutuwa a kan mushe ɗaya. Muna roƙon sarakunan baka da mafarauta su bar waɗannan tsuntsaye su wuce, a kuma bar manyan itatuwan da suke kwana a kai, kamar kuka da gawo da giginya. Malaman gona su ci gaba da koya wa manoma yadda ake amfani da maganin feshi daidai gwargwado. Duk wanda ya tsinci tsuntsu mai zobe a ƙafa ko wata 'yar na'ura a baya, kada ya tsorata, masu bincike ne suka sanya domin sanin hanyar da yake bi. Sai ya rubuta lambar zoben da rana da wurin da ya same shi, ya kai wa jami'in gandun daji na ƙaramar hukumarsa.